Yadda za ka tabbatar abin da ka faɗa shi ne abin da aka ji

Wasu shekaru da suka wuce, wani dattijo a unguwarmu a Birnin Kebbi ya sa ni in sanar da ƙaninsa da ke zaune a Jega cewa za a zauna kan maganar auren 'yarsu a daren Juma'a. Na kira shi a waya, na faɗa masa kamar yadda aka faɗa mini, ya ce to, Allah ya kai mu. Ranar Alhamis bayan sallar isha'i aka shimfiɗa tabarmi a zaure, dangin mai neman aure suka hallara da goronsu, amma ƙanin bai zo ba. Shi a fahimtarsa daren da zai biyo bayan sallar Juma'a ake nufi, alhali dattijon lissafin malamai yake yi, wanda a cikinsa dare ke riga yini, wato daren Juma'a shi ne wanda ke shigowa da faɗuwar ranar Alhamis. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinmu mu uku, amma dattijon ya ji kunya a gaban baƙi, ƙanin kuma ya ga kamar da gangan aka yanke magana ba da shi ba, har aka shafe kusan wata biyu wa da ƙani ba sa gaisawa da sakin fuska. Rabon laifina a ciki shi ne ban yi tambaya ɗaya tak ba kafin in ɗauki saƙon.

Tun daga lokacin nake auna magana da abin da ya zauna a kan wanda aka yi wa ita. Mafi yawan saɓanin da nake gani tsakanin maƙwabta, ko miji da mata, ko maigida da yaron shagonsa, yana farawa ne daga 'yar tazarar da ke tsakanin abin da aka nufa da abin da aka fahimta, wadda kunya ko gaggawa ta hana a cike ta tun tana ƙarama. Rage wannan tazara abu ne da ake koyo kamar yadda ake koyon kowace sana'a.

Gaisuwa da zaɓen lokaci

Matasa da yawa suna ɗaukar doguwar gaisuwarmu a matsayin ɓata lokaci, a tambayi kwana, a tambayi gajiya, a tambayi iyali da aiki da sanyi, kuma amsar kullum ɗaya ce, lafiya lau, ko lahiya lau a bakin mutanenmu na nan. Gaskiya ne cewa kalmomin amsar ba sa gaya maka komai, amma muryar da aka faɗe su da ita tana gaya maka abu mai yawa, shi ya sa ake cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Idan mutumin da ya saba jan gaisuwa ya datse ta yau, ko ka tambayi mutanen gida ya ce da sauƙi, to ka san akwai abin da ke damunsa, kuma buƙatar da ka zo da ita za ta iya jiran gobe. Manomin da ambaliya ta cinye masa shinkafa a fadama cikin makon nan ba shi ne za a tunkara da maganar bashi ba, haka maigidan da ya shigo daga kasuwa ko ruwa bai sha ba, haka mai azumi da la'asar sakaliya. Idan ba ka tabbata ba, ka tambaya kai tsaye cikin ladabi: Baffa, ina da 'yar magana, yanzu ya dace ko in dawo bayan magariba? Wanda aka ba shi damar zaɓen lokaci yakan zo da kunnensa a buɗe.

Wuri ma yana da nasa hukunci. Maganar bashi, da ta aure, da duk wadda za ta iya sa mutum jin kunya, ba a yin su a majalisa ko a bakin masallaci jama'a na ji, domin a nan mutum zai kare mutuncinsa ne kawai, ba zai saurari hujjarka ba. Ka kuma kira kowa da sunan da ya dace da matsayinsa, Kawu ko Gwaggo ko Inna ko Yaya, malami a ce Allah gafarta Malam, hakimi a ce ranka ya daɗe. A gida an koya mana sunkuyar da kai a gaban manya, kuma hakan daidai ne, sai dai matashin da ya je ganawar neman aiki ko ya shiga ofishin banki ya sani cewa a can ana so ya ɗaga kai ya yi magana a ji shi, in ba haka ba a ɗauka bai san abin da yake faɗa ba.

Kalmar “to” da 'yan uwanta

A nan ne na fi so mai karatu ya dakata, domin babu kalmar da ta haddasa rashin fahimta a tsakanin Hausawa kamar wannan gajeruwar kalma. Akwai “to” ta amincewa, akwai ta na ji abin da ka ce, akwai ta yaron da bai gane komai ba amma yana tsoron a ce masa daƙiƙi, akwai ta surukin da ba zai iya musa maka a fuska ba, akwai kuma wadda ake ja da tsawo, mai nufin ka yi abin da ka ga dama amma kada ka ce ba a faɗa maka ba. Haka “sai na duba” da “bari mu gani” da “ba komai” suke. Tarbiyyarmu ta kunya da kawaici ta sa cewa a'a ƙiri-ƙiri yana da nauyi a baki, musamman daga ƙarami zuwa babba, saboda haka ake naɗe ƙin yarda a cikin kalmomi masu laushi, a bar wa mai sauraro ya warware da kansa. Ban ga aibin wannan ɗabi'a ba a inda kowa ya san ma'anarta. Matsalar tana zuwa ne idan wani ya gina shirinsa a kan “to” da ba ta da tushe, kamar wanda ya haɗa 'yan ƙwadago ranar Asabar saboda maƙwabcinsa ya ce to da ya roƙi aron injin ban ruwa, ya wayi gari ya tarar injin yana gonar wani.

Maganin wannan shi ne ka yi tambayar da ba a iya amsa ta da “to”. Maimakon ka ce za ka ba ni injin ranar Asabar ko, ka ce da wane lokaci zan turo yaro ya ɗauka, da asuba ko da hantsi? Wanda ya yi niyyar bayarwa zai faɗi lokaci, wanda kuma bai yi niyya ba a nan zai fara kawo uzuri, ka ga ka sami amsarka ba tare da ka tilasta masa ya ƙi ka ba. Ya fi kyau ma ka buɗe masa ƙofar fita da kanka, ka ce idan akwai wanda ya riga ni ka faɗa mini yanzu, wallahi ba zan ji komai ba, sai in nemi wata hanya tun da sauran lokaci. Mutane da yawa suna jiran wannan izini ne kawai kafin su faɗi gaskiya.

Idan da na ƙasa da kai kake magana, ɗanka ne ko almajirinka ko yaron shago, kada ka tambaye shi ko ya gane, domin amsar da za ka samu sananniya ce. Ka ce masa ya maimaita maka abin da zai je ya yi, kuma idan ya kuskure ka gyara masa ba tare da tsawa ba, in ba haka ba gobe zai gwammace ya tafi da kuskurensa da ya sake buɗe baki a gabanka. Idan kuwa babba ne ya ba ka umarni, ba za ka sa shi maimaitawa ba, kai ne za ka maimaita: Baba, in na fahimta, ranar Alhamis bayan isha'i ke nan, ko kuwa? Ya zo a hadisin Anas cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan maimaita magana sau uku domin a fahimce ta, saboda haka babu wanda ya isa ya ce maimaitawa raini ne.

Sai kuma ka dubi taka “to” ɗin. Telan da ya karɓi ɗinki ana saura kwana biyar Salla, yana sane da cewa ba zai gama ba, ya sayi jin daɗin minti ɗaya ne da rigimar safiyar Idi. Koyi cewa ba zan iya ba cikin lafazi mai daɗi, ka faɗi dalili a taƙaice, in da hali ka nuna wa mutum wata mafita. Ka kuma tsare “in sha Allahu” ga abin da ka yi niyyar aikatawa da gaske, domin mun kai matsayin da wasu ke jin kalmar su ɗauka an sallame su ne.

Sauraro

Bahaushe ba ya faɗa wa babbar magana kai tsaye. Wanda ya zo da damuwa zai fara da labarin damina, ya bi ta tsadar taki, ya taɓo rashin lafiyar wata gwaggo, kuma idan ka katse shi a nan kana cewa ya je ga magana, mai yiwuwa ya tashi bai faɗi abin da ya kawo shi ba. Sau da yawa ainihin maganar ba ta fitowa sai wajen rakiya, an kai bakin ƙofa ko bakin titi, sannan baƙo ya rage murya ya ce af, dama akwai 'yar wata magana. Saboda haka kada ka raina rakiya, kuma kada ka tura yaro ya yi maka ita idan ka lura baƙon bai saki jiki ba a zaure.

Yayin da ake yi maka magana, ka kifa waya. Ka bar mutum ya kai aya ko da ka riga ka hango inda ya dosa, domin sau da yawa hasashen kuskure ne, kuma ko da daidai ne, wanda aka ƙarasa wa magana yakan ji kamar an ƙwace masa ita. Idan ya gama, ka faɗa masa abin da ka fahimta da naka kalmomin kafin ka ba da amsa. Wannan ya fi muhimmanci a cikin gida, inda sabo ke sa miji ya ɗauka ya san abin da matarsa za ta ce tun ba ta ce ba. Matar da ta ce cefane bai isa ba, wataƙila kuɗin take nufi, wataƙila kuma tana nufin an ƙaro baƙi a gidan ba a yi shawara da ita ba, kuma ba za ka san wanne ne ba sai ka tambaya ka yi shiru. A wurin ta'aziyya kuwa addu'a da zama sun wadatar, ba a tsare mai makoki da tambayar yadda aka yi aka rasu.

Kuɗi, awo da lokaci

Duk maganar da ta ƙunshi adadi tana buƙatar a faɗe ta dalla-dalla, ko da za a ce ka cika ƙididdiga. Dubi kalmar jaka. A bakin dattawanmu jaka ɗaya fam ɗari ce, wadda ta koma naira 200 bayan canjin kuɗi na 1973, amma ga mutanen Nijar da muke ciniki da su a Kamba da sauran garuruwan iyaka, jika ɗaya sefa 1,000 ce, kuma da dala suke ƙirga, kowace dala sefa biyar. Mutum biyu na iya shafa hannu a kan jaka goma kowa da lissafinsa a zuci. Haka mudu da tiya da buhu suke bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, don haka mai sayen albasa a Aliero ko shinkafa a Argungu ya tabbatar wane buhu ake nufi, cike ko daidai baki, kuma wa zai biya lada da kuɗin dako. Wanda zai ɗauki masu dashen shinkafa ya yanke tun farko ko jinga ce ko kuɗin yini, da abinci ko babu. Ko ɗan kabu-kabu ne, a gama ciniki kafin a hau.

Lokaci ma haka ne. “Bayan la'asar” na iya kaiwa har gab da magariba, “an jima” kuwa ba ta da iyaka. Ka ambaci sunan rana da ƙarfe nawa, ko ka ɗaure alkawarin da wata salla takamaimai. Bashi kuwa a rubuta shi, a sa shaidu, ko tsakanin wa da ƙani ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma wannan ya isa amsa ga duk wanda ya ce rubutu alamar rashin yarda ce.

Saƙo ta bakin wani da saƙo ta waya

Akwai maganar da al'ada ta ce a bi da ita ta hannun wani, kamar neman aure, ko kai kuka ga suruki, ko sulhu bayan an yi faɗa, kuma hikimar hakan ita ce kowane ɓangare yana samun damar ƙi ko janyewa ba tare da an haɗa ido ba. Abin lura shi ne wanda za ka aika. Ka zaɓi mutumin da ɓangarorin biyu ke ganin girmansa, wanda ba ya ƙara gishiri, ka kuma sa ya dawo maka da amsar da lafazin da aka ba shi. Ƙaramin yaro kuwa kada a ɗora masa saƙo fiye da ɗaya ko biyu. In ban da irin waɗannan, maganar da ta shafe ka ka kai ta da ƙafarka, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Waya ta sauƙaƙa isar da saƙo, ta kuma ƙara hanyoyin ɓata shi. Rubutu a WhatsApp ba ya ɗauke da murya ko fuska, saboda haka wasan da za a yi dariya a kansa a majalisa yana iya zama zagi idan an karanta shi. Ka fara da sallama, ka faɗi ko kai wane ne idan ba ka tabbata an adana lambarka ba, kuma idan saƙon murya za ka aika, ka sa buƙatarka a farko bayan gaisuwa, kada ka binne ta a minti na biyar. Lamba da adadin kuɗi da kwanan wata a rubuta su, domin a iya komawa a duba. Kada ka naɗi murya kana cikin fushi, domin maganar baki iska na iya kwashe ta, amma wadda aka naɗa tana nan, kuma za a iya tura ta ga wanda ba ka taɓa nufin ya ji ba. A wannan yanki namu da ke fama da matsalar tsaro, tura labarin hari da ba a tabbatar ba na iya watsa kasuwa ko ya sa mutane su kwana a daji a banza. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta yi umarni da a binciki labari kafin a yi aiki da shi, kuma mafi ƙarancin bincike shi ne ka kira wani da ke garin ka tambaya.

Jihar Kebbi mai masarautu huɗu ce, Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru, kuma ba kowa ne Hausa ta zama masa harshen uwa ba. Akwai Fulani, da Dakarkari waɗanda ke kiran kansu Lelna, da Zabarmawa da Dandawa da Kambari da Gungawa. Idan kana magana da wanda Hausa harshensa na biyu ne, ka rage sauri da karin magana, kada ka ɗaga murya kamar da kurma kake yi, kuma gaisuwa ɗaya da ka koya a harshensa za ta buɗe maka abin da dogon bayani ba zai buɗe ba. Wanda ya zo daga Kano ya ji ana cewa mi da tahi da wanga, ya riƙe dariyarsa. Wasan barkwanci irin na Fulani da Barebari, ko na taubasai, ko na jika da kaka, yana da masu shi, wanda ba ya cikinsu ya bar musu.

Gyara, fushi da ban haƙuri

Idan za ka yi wa mutum gyara, ka keɓe shi, ka ambaci aikin da ya yi da ranar da ya yi shi, ka tsaya a nan. Da zarar ka ce kullum haka kake, ko halin gidanku ne, ka bar maganar kuskure ka koma zagin asali, kuma babu mai karɓar wannan. Habaici da gugar zana, ko a tsakar gida tsakanin kishiyoyi ko a rubuce a Facebook, ba su taɓa gyara kowa ba a iya sanina, illa dai su sa mutum biyar su tsargu a kan laifin mutum ɗaya. Annabi Musa da Annabi Haruna an umarce su da su yi wa Fir'auna magana mai laushi, kuma maƙwabcinka da akuyarsa ta shiga gonarka bai kai Fir'auna ba.

Idan ka ji zuciya ta taso, hadisi ya koyar da cewa wanda ke tsaye ya zauna, kuma na gwada na ga murya tana sauka tare da jiki. In hakan bai isa ba, ka ce mu bar maganar nan sai gobe da safe, sannan ka cika alkawari ka dawo mata, domin wanda ya saba tashi ba ya dawowa ana ɗaukar tashinsa a matsayin raini.

Ban haƙuri na gaskiya gajere ne: na yi kuskure, ka yafe mini. Da zarar an ƙara masa “idan ma na ɓata maka” ko “amma kai ma”, ya tashi daga ban haƙuri ya koma sabuwar shari'a. Sai dai ƙarami ya sani cewa manyanmu ba kasafai suke furta waɗannan kalmomi ga na ƙasa da su ba, da aiki suke faɗar su, ko a kira ka a tambaye ka shawara a kan abin da ba a buƙatar shawararka, ko a aiko maka da goro ba tare da wani dalili ba. Idan ka ga haka ka karɓa, kada ka tsaya jiran lafazi. Dattijon nan na unguwarmu bai taɓa ce wa ƙaninsa ya yi haƙuri ba. Da aka sa ranar ɗaurin aure, sai ya hau mota da kansa ya tafi Jega, ya ce masa kai ne za ka zama waliyyin yarinyar, ranar Asabar da ƙarfe goma sha ɗaya na safe.